Kafin a yi wa kwamfuta fomatin, a tambayi cajarta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya a sana'ar da nake ci da iyalina da ita. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Jos, shagona yana wajen Titin Bauchi, ba nisa da jami'a. Don haka yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne, sai malaman makaranta, sai masu shagunan buga takardu, da 'yan kasuwar da ke riƙe lissafinsu a kwamfuta. Kusan dukkansu tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka ne a hannunsu, irin waɗanda ake sauke mana daga Turai da Amurka muna ce musu Beljiyam: su HP EliteBook, su Dell Latitude, su ThinkPad na Lenovo, waɗanda aka ƙera tun wajen 2011 zuwa 2016. Injina ne masu ƙwari, an yi su ne don aikin ofis, kuma da yawansu za su ƙara shekaru suna aiki in an san yadda za a bi da su.

Akwai koke guda da nake ji a kai a kai. Mutum zai ce, "Injiniya, in na kunna ta da safe lafiya lau take. Amma da na rufe murfin na tafi salla na dawo na buɗe, sai ka ce ba ita ba. Kibiyar linzami tana tafiya tana tsayawa, in na danna harafi sai na jira kafin ya fito." Amsar da ake ba shi a shaguna da yawa ita ce bairas ne, a kawo a yi mata fomatin. A goge komai, a zuba sabon Windows, a karɓi kuɗi. Wannan amsa ita ta sa na ɗauki alƙalami. Kwamfutar da take gudu da safe, ta yi nauyi bayan ta farka daga barci kawai, ta riga ta faɗa maka inda ciwon yake. Bairas ba ya jiran a rufe murfi kafin ya fara aiki. Kuma mai ita da kansa zai iya gano dalilin cikin 'yan mintoci, ba tare da ya kwance ko da noti ɗaya ba.

Bari in fara da abin da ke faruwa in an rufe murfin. Mai shago yana da teburin da yake baje kaya a gabansa, yana da sito a baya. Teburin shi ne abin da muke kira ram, siton kuma shi ne faifan ajiya. Idan kwamfuta ta yi barci, kayan suna nan a kan tebur yadda ka bar su, sai dai an kashe fuskar, an tsayar da faifan da fanka, an kwantar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, an bar wa ram 'yar wutar da zai riƙe abin da ke cikinsa. Da ka buɗe murfin, dole kowane ɓangare ya tashi ya koma bakin aikinsa, kuma a tsohuwar kwamfuta ba kullum ne duka suke tashi daidai ba. Akwai kuma barci mai nauyi, wanda Windows ya rubuta Hibernate, inda ake kwashe kayan teburin gaba ɗaya a kai sito a kashe wuta ƙurmus. Kwamfuta takan shiga wannan barcin da kanta in ta daɗe a rufe ko batir ya yi ƙasa sosai. Gane su ba wuya: in ka buɗe ta nuna maka wurin sa kalmar sirri nan take, ƙaramin barci ta yi, in kuwa sai da tambarin kamfani ya fito ta yi ta juyi, daga sito take kwaso kaya, kuma a faifai mai juyawa wannan kwasar takan ɗauki mintoci kafin komai ya daidaita. Wannan ba ciwo ba ne, a ba ta lokaci.

In nauyin bai wuce ba, ga abin da nake so kowa ya koya. Tana cikin nauyin, kada ka kashe ta. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani shafi mai suna Task Manager zai buɗe. In ya fito ƙarami ka danna More details, sannan ka shiga Performance. A gefen hagu za ka ga CPU, da Memory, da Disk. Su ukun nan su ne furosesa da ram da faifai, kuma ɗaya daga cikinsu ne zai tona asirin.

Ka fara da CPU, ka dubi inda aka rubuta Speed. Furosesa irin Core i5 ta waɗancan shekaru takan yi gudu sama da 2 GHz in tana aiki. In ka ga lambar ta kafe a 0.79 ko 0.39, kana buɗe abubuwa amma ko motsi ba ta yi, to a nan gizo ke saƙar. Babu abin da ya sami Windows ɗinka, ba kuma wani bairas. Wani ɓangare ne a jikin injin ya umarci furosesar ta sauko zuwa mafi ƙarancin gudunta. Masu ƙera furosesa sun tanadi wannan hanya da gangan, a ta Intel sunanta BD PROCHOT, don in caja ko batir ko wani wuri a allon injin ya ga alamar haɗari, ya iya taka mata birki kafin wani abu ya ƙone. Abin da kan faru a tsofaffin injina shi ne, lokacin farkawa sai ɗan guntun da ke kula da wuta ya kasa gane abin da aka jona masa, ya taka birkin, ya ƙi ɗagawa.

A ƙasar nan, abin da ya fi jawo haka ita ce caja. Kwamfutar Beljiyam ba kasafai take zuwa da cajarta ta asali ba. Mai sayarwa ne yake haɗa maka da wadda ta samu, in ta mutu kuma ka shiga kasuwar Taminus ka sayi mai sauƙin kuɗi, tunda bakinta ya shiga ramin kuma fitila ta kama. Amma bakin ya shiga ba shi ne magana ba. Ka juya bayan cajar ka karanta. Za ka ga an rubuta, misali, 19.5V da 3.34A, wato wat 65 ke nan, ko 19.5V da 4.62A, wato wat 90. Injin da aka yi shi don wat 90 in ka ba shi 65, ko mai 65 ka ba shi 45, zai iya kunnuwa, amma ya san ba a ƙosar da shi ba, sai ya rage gudu. Sannan ka leƙa cikin bakin cajar, musamman mai babban baki da mai shuɗin baki. Akwai wata siririyar allura a tsakiya. Ba ita ke kai wutar ba. Ta nan ne caja take gaya wa kwamfuta ƙarfinta. A injinan Dell, in wannan allura ta lanƙwashe ko wayarta ta tsinke a ciki, ko kuma cajar jabu ce ba ta da guntun da ke ba da wannan bayani, injin yakan ƙi cajin batir kuma ya rage gudun furosesa. Haka aka tsara shi. Kana iya tabbatarwa: ka danna F2 lokacin da take tashi ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ke fitowa kafin Windows, ka nemi bayanin batir, za ka ga ko ya rubuta wat nawa ce cajar ko ya rubuta Unknown. HP ma takan fito da saƙon gargaɗi in cajar ba ta kai ba, mutane suna danne shi ba tare da sun karanta ba.

Ka haɗa wannan da halin wutarmu. Ka rufe kwamfuta tana jone da wutar gari, kafin ka dawo an ɗauke, maƙwabci ya tayar da janareta ko an koma kan inbata, wutar ta yi sama ta yi ƙasa, ita kuwa tana barci ba ta san wainar da ake toyawa ba. Ta kwanta a wani yanayi, ta farka a wani. Shi ya sa gwajin farko ba ya cin ko sisi: tana cikin nauyin, idonka a kan lambar Speed, ka zare cajar. In lambar ta yi tsalle ta haura, ka kama ɓarawon. Ka mayar, in ta sake faɗowa, ka aro caja ta asali mai ƙarfin da ya dace daga wani ka gwada.

A zangon karatun da ya wuce wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe daga Unguwar Rogo ta shigo shagona da kwamfuta a rungume, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Malam, don Allah ka duba mini, an yi mata fomatin shekaranjiya amma ta koma yadda take." Na ce, "Ƙanwata, aikinki fa, an kwashe miki kafin a goge?" Sai ta yi shiru. Babi uku na kundin kammala karatunta, da amsoshin takardun tambaya da ta bi unguwanni ta tattara ta shigar da hannunta, duk suna kan fuskar kwamfutar, kuma wanda ya yi aikin bai tambaye ta ba. Na ce ta ba ni cajar. Tun a hannu na ji ba ta da nauyi, an naɗe wuyanta da baƙin salatif, allurar tsakiya ta kwanta a gefe. Na rufe murfin, na buɗe, na nuna mata lambar: 0.39. Na zare tata na jona ta shago, a gaban idonta lambar ta haura 2.5, fanka ta ɗauka, shafukan suka fara buɗewa kamar an sake su daga mari. Kuɗin caja kawai ya kamata ta kashe tun farko. Mun samo wani ɓangare na rubutun da manhajar tono abin da aka goge, amma sabon Windows ya riga ya hau kan sauran, sai da ta sake zama ta rubuta. Har yau in na tuna yadda ta tsaya tana kallon lambar nan raina yakan ɓaci, domin abin da aka yi mata ba rashin sani kaɗai ba ne, har da rashin tausayi.

In zare caja bai canza komai ba, sai a sauke wutar da ta maƙale. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja, a cire batir in irin mai fita ta baya ne, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan a mayar da komai a kunna. Wannan yakan sa guntun da ke kula da wuta ya manta kuskurensa. Batirin kansa ma abin zargi ne. Wasu samfurori in batir ya mutu ko babu shi sukan rage gudu, don caja ita kaɗai ba za ta ɗauki nauyin furosesa in ta buɗe wuta ba. Ka buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai haɗa maka rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. In kuma ka ga wurin da kake goga yatsa ya taso, ko ƙasan kwamfutar ya yi tozo ba ta zama daidai a kan tebur, batir ya kumbura. Wannan ba maganar nauyi ba ce kuma, maganar gobara ce. A cire shi a ranar, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Akwai matasan da suka gano wata manhaja mai suna ThrottleStop, wadda take iya toshe kunnen furosesa daga jin wancan umarni, gudu ya dawo nan take. Tana aiki, ban musa ba, ni ma nakan yi amfani da ita in na tabbatar na'urar awon da ke jikin injin ce ta lalace take ƙarya. Amma a sa wa mutum ita alhali cajarsa ce jabu ko batirinsa ne ke zafi, an cire masa mai gadi ne kawai, haɗarin yana nan. Haka maganar sabunta BIOS: kamfanoni sukan fitar da gyara na irin wannan matsala ta farkawa, kuma yakan yi magani, sai dai kada a kuskura a fara shi da mataccen batir ana dogaro da wutar gari. In wuta ta ɗauke a tsakiya, injin zai iya ƙin tashi sam.

Sai zafi. Mutanen Jos suna ganin wannan bai shafe su ba, tunda muna kan tudu sama da mita 1,200, a watan Disamba da Janairu har sai an sa rigar sanyi a cikin shago. Sanyin gari daban, abin da ke cikin injin daban. Iskar hunturun da ke sanyaya mu ita ce take ɗauke da ƙurar da fanka ke zuƙa. In na buɗe kwamfutar da ta shekara uku ba a taɓa ta ba, tsakanin fanka da haƙoran tagullar da iska ke bi ta fita nakan tarar da wani abu launin toka ya yi kauri ya toshe hanyar ruf, ƙura ce da zaren bargo da gashi suka cuɗe, in na sa hantsaki na ja sai ya fito a dunƙule, da zanen haƙoran a jikinsa. Man da aka shafa tsakanin furosesa da tagullar kuma ya bushe ya farfashe. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Abin da ya haɗa wannan da barci shi ne jaka. Ɗalibi ya rufe murfi ya zura ta a jakar baya ya hau Keke daga Naraguta zuwa Farin Gada, a hanya wani abu ya tashe ta, ko linzamin da ba ya da waya ya motsa, ko Windows ya farka don wani aikinsa, sai ta yi ta aiki a cikin jaka a zuge babu iska. Ya iso ya ciro ta da zafi kamar dutsen guga, batir ya zube, ita kuma tana rarrafe. Wanda yake so ya san me ya tashe ta ya rubuta powercfg /lastwake a Command Prompt. Shawarata dai, in tafiya za a yi da ita a jaka, a kashe ta ko a sa ta a Hibernate. A daina ɗora ta a kan katifa da darduma mai gashi, don ta ƙasa take shaƙar iska.

To in gudun furosesa lafiya yake fa? Sai a dubi Disk. In ya tsaya a kashi 100 na tsawon mintoci bayan farkawa, faifan ne ya kasa. Yawancin waɗannan injina sun zo da faifai mai juyawa, HDD, mai zagaye 5,400 a minti, da 'yar allura da ke bin sa tana karantawa. Da kwamfuta ta farka ta ga intanet, kowa sai ya taso masa a lokaci guda: Windows yana neman sabuntawa, mai gadin bairas yana son ya rama binciken da ya wuce shi, burauza tana sake loda shafuka ashirin da aka bari a buɗe, WhatsApp yana kwaso saƙonni. In kuma Memory ya haura kashi 90, abin da ba wuya a injin mai ram 4 GB tunda Windows 10 shi kaɗai yakan cinye kusan rabi, to teburin ya cika, ana ta kai kaya sito ana dawowa da su, faifan da ya riga ya gaji shi ne kuma ɗan dakon. Rage shafukan burauza kafin a rufe murfi yana taimakawa. Haka cire ƙarin masu gadin bairas. Nakan ga biyu ko uku a injin guda suna bin sawun juna, alhali wanda ya zo da Windows 10 ya isa. Amma maganin gaskiya shi ne a canza faifan zuwa SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, a ƙara ram ya kai 8 GB. A duk abin da mutum zai kashe wa tsohuwar kwamfuta kuɗi, ban san wanda ya kai SSD biyan buƙata ba. A kula wajen sayen ram: akwai DDR3 mai bolt 1.5, akwai DDR3L mai 1.35, kamarsu ɗaya, rami ɗaya suke shiga, amma injinan ƙarni na huɗu na Intel, na wajen 2013 zuwa 2014, mai L ɗin suke so.

Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas in ya farka, ko wanda manhajar CrystalDiskInfo ta nuna masa ruwan ɗorawa ko ja a maimakon shuɗi, kwanansa ya kusa ƙarewa. Wannan kam a bar komai a kwashe takardu da hotuna zuwa filash ko wani faifan tukuna. Yi masa fomatin ƙara masa wahala ne a lokacin da ya fi kowane rauni.

Akwai wani abu da ko a cikin masu gyara ba kowa ya lura da shi ba, kuma ina ganin ya kamata a sani. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta kashewa ta gaskiya. An sa wani tsari mai suna Fast Startup, wanda yake rufe manhajojinka amma ya adana zuciyar Windows da direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke tuƙa sassan injin, a faifai yadda suke, don gobe ta tashi da wuri. Ma'ana, in wani direba ya rikice lokacin farkawa daga barci, ka kashe ta da dare, da safe za a ɗauko maka shi da rikicinsa. Restart ne kaɗai yake wanke komai ya fara daga tushe, ko kuma ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down. Wani dattijo, tsohon hedimasta da ke rubuta tarihin zuri'arsu, ya rantse mini kullum sai ya kashe tasa kafin ya kwanta. Na ce, "Baba, gaskiya ka faɗa, amma dubi nan." A shafin CPU ɗin nan akwai inda aka rubuta Up time, tasa tana nuna makonni. Muka yi Restart, muka shiga Control Panel, Power Options, wurin zaɓen abin da maɓallin kunnawa zai yi, muka cire alamar Fast Startup. Ban karɓi ko kwabo ba, don babu aikin da na yi. Duk wanda ya shiga wurin nan, ya kuma leƙa tsarin wutar ya tabbatar Maximum processor state, wato iyakar gudun furosesa, yana kan kashi 100, domin wani lokaci mai sayarwa ne ya rage shi don batir ya nuna yana daɗewa. A tuna kuma Windows 10 yakan kunna tsimin batir da kansa in caji ya sauka kashi 20, wanda ke rage hasken fuska ya takura wasu ayyuka.

In fuskar ce kawai take fizga ko bidiyo yake tsinkewa bayan farkawa, direban hoto ne. Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, fuskar za ta ƙifta, direban ya sake tashi. In ya yi magani, a je shafin kamfanin da ya ƙera injin a sauko da direban samfurin, a bar waɗannan tarin direbobi na filash da ake zuba wa kowace kwamfuta iri ɗaya.

Ban ce fomatin ba shi da rana ba. Akwai injin da aka cika shi da manhajojin sata har ba a san ta inda za a fara ba, akwai wanda bairas ɗin gaske ya ci. Amma shi ne na ƙarshe, bayan an duba waɗancan, kuma bayan an zaunar da mai kayan an tambaye shi me yake da shi a ciki an kwashe masa. Ina kira ga 'yan'uwana masu wannan sana'a, daga Titin Ahmadu Bello har Bukuru, musamman iyayen gida masu yara a ƙarƙashinsu: yaron da ka koya wa zuba Windows a makon farko ba ka koya masa karanta bayan caja ba, ka sake shi ne ya yi ɓarna da sunanka. Na san dalilin da ya sa ake gudun bincike, mutanenmu ba sa son biyan kuɗin dubawa, sai sun ga an yi wani aiki mai suna. To mu faɗi kuɗin dubawa tun farko, mu tsaya a kansa. Masu kawo gyara kuma su daure su biya; wanda ya gano maka caja ce ya cece ka daga asarar da ta fi kuɗin nan nesa ba kusa ba.

Wasu kuma yanzu sun samu sabuwar hujja, suna ce wa mutane injin ya tsufa, Windows 10 ya ƙare, a kawo shi a yi musaya a cika kuɗi. Gaskiyar da ke ciki ita ce kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tare da ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista, kuma Windows 11 a hukumance yana neman furosesar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama da guntun tsaro na TPM 2.0, abin da yawancin injinan da na lissafa ba su cika ba. Wannan magana ce ta tsaro a intanet, ya kamata mai shiga asusun banki da kwamfuta ya ɗauke ta da muhimmanci, kuma akwai mafita kamar Linux Mint, da ake zubawa a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma yana tafiya sumul a kan waɗannan injina. Amma ba ta da alaƙa da nauyin bayan barci. Yaron da ke gwajin jarrabawar JAMB a gida, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, ko mai shagon da ke buga wasiƙu da takardun biki, ThinkPad ɗin 2012 mai SSD da caja ta gari ya ishe shi.

Ga wanda ya gwada abin da na faɗa bai dace ba, ya kai wa mai gyara, amma da abu biyu. Ya tafi da cajar da yake amfani da ita a gida, ita ɗin dai, don sau da yawa akan kawo mana injin shi kaɗai, mu jona tamu ya yi ta gudu, mai shi ya koma gida ciwon ya dawo. Sannan lokacin da take cikin nauyin, ya buɗe Task Manager ya ɗauki hoton shafin CPU da na Memory da na Disk da wayarsa, ya nuna wa mai gyaran kafin a taɓa komai. In mai gyaran bai ko kalli hoton ba ya ce fomatin, ya ɗauki kayarsa ya gwada shago na gaba.

Na gode, Edita, da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Titin Bauchi, Jos, Jihar Filato.